Jan Bijimin Sharhabilu

Duk wanda ya taɓa bi ta bayan Faru da hantsi ya ga Hayatu cikin shanunsa, to ya ga abin da zai ba jikokinsa labari. Bafillace ne siriri, shekarunsa sittin ba ɗaya, ba ya ɗaga murya, ba ya ɗaga sanda. Tsayawa kawai yake yi a bakin garke ya kira saniya da sunanta, ta ɗago kai daga ciyawa ta taho. Ya faɗa mata wata 'yar kalma da Fillanci, can ƙasan maƙoshi, sai ka ga ƙatuwar saniya ta lanƙwasa gwiwa ta kwanta a gabansa, har ta bar masa ƙafar da ke mata ciwo ya juya yadda yake so. Wallahi babu ƙari a ciki. 'Yan kabu-kabu kan kashe babur a wurin su tsaya kallo, fasinja na ta mita a baya.

Sai dai Hayatu yana da doka guda da kowa ya sani daga Faru har Kaya: ba ya taɓa dabbar wani. Ka kawo masa sanka ba lafiya, zai tsaya nesa da hannu a baya, ya dube shi, ya gaya maka ciwon da maganinsa, kuma da wuya ya kuskure. Amma ya ɗora hannu a kai? Ina! Mutane suka yanke wa kansu hukunci cewa sharaɗin asirinsa ke nan, ranar da ya taɓa dabbar da ba a garkensa aka haife ta ba, ranar lagonsa zai karye. Shi kuwa bai taɓa cewa haka ne ba, bai taɓa cewa ba haka ba ne.

Gaskiyar maganar tana ƙarƙashin rigarsa. Yana ɗan shekara goma sha tara, a wani mashayi, bijimin wasu baƙin makiyaya ya ɗaga shi da ƙaho ya yar, ya bar masa tabo daga ƙasan haƙarƙari har kusa da cibiya. Wata uku yana kwance. Tun daga ranar, in baƙon sa ya dube shi ido cikin ido, sai tafin hannunsa ya jiƙe. Tsoro ne, tsoro tsagwaronsa, kuma duk duniya matarsa Saude kaɗai ta sani.

Da haka zai mutu da abinsa, ba don saniyar Gwaggo Taibatu ba. Gwaggo Taibatu maƙwabciyarsu ce, mijinta ya rasu ya bar mata saniya guda tal. Wata rana saniyar ta faɗa gyauron dawa ta ci ta ƙoshi, cikinta ya kumbura tim. Aka jawo ta har ƙofar Hayatu tana nishi. Ya san inda za a huda iska ta fita, ya san wurin kamar tafin hannunsa. Taku uku ne tsakaninsu. Ya tsaya yana nuni da baki: a'a, sama kaɗan, a'a, baya kaɗan. Wanda ya riƙe wuƙar ya soka inda ba nan ba. Kafin azahar an yanka ta. Gwaggo Taibatu ba ta zarge shi ba, har godiya ta yi masa, ta ce ta san sharaɗi ne ya ɗaure shi. Wannan godiya ita ta hana shi cin abinci kwana biyu.

Talatar da ta biyo, a kasuwar Mafara, ya ji mai sayar da maganin dabbobi yana ba wasu labarin wata kwaleji can nesa, tafiyar yini guda a mota, da ta buɗe karatun mataimakan likitan dabbobi ta waya. Kana gidanka, darasi na zuwa maka da Hausa, murya da hoto. Sau biyu a shekara kawai za ka zo Mafara a zauna da kai. Hayatu ya taɓa yin yaƙi da jahilci, yana haɗa baƙi a hankali. Ya ce a rubuta sunansa. A ransa yana ganin in ya yi karatun, wataƙila tsoron zai ji kunya ya tafi.

Kai, karatun nan ya nuna wa Hayatu abubuwa! Malamarsu, Malama Mufida, bai taɓa ganinta a fili ba, sai fuskarta cikin waya da farin gilashi, ga murya a natse. Akan tura darasi da safe, shi kuma ya hau tudun da ke bayan garke inda sabis ya fi kamawa, ya zauna gindin aduwa ya buɗe. Ranar da aka nuna musu cikin saniya yana aiki, saura kaɗan wayar ta faɗi daga hannunsa. Shi da ya ga tumbi a mahauta ba adadi, bai taɓa ganinsa da rai ba, yana murɗawa yana juya ciyawa, yana tura ta sama a sake tauna ta, ta dawo ta wuce ɗaki na biyu, na uku, na huɗu, kowane da aikinsa. Ya maimaita hoton har caji ya kusa ƙarewa. Daga nan ya sauko ya nufi tsohuwar saniyarsa Fure, ya kara mata wayar a gaban ido.

"Duba cikinki," ya ce mata. "Shekara goma sha biyu kina wanga aiki, ba ki taɓa gaya mini ba."

Wata rana kuma aka ɗiga jinin sa mai sammore a kan gilashi, aka girmama hoton. Ga wasu halittu nan sirara suna wutsil-wutsil a tsakanin ƙwayoyin jini, da ransu, suna iyo. Hayatu ya cire hula ya riƙe a hannu. Ciwon da ya cinye rabin garken mahaifinsa, wanda suka yi ta yi wa hayaƙi da jiƙo, ashe ga shi nan, yana da kai yana da wutsiya. Ya daɗe yana faɗin Subhanallahi shi kaɗai a kan tudu.

Jarrabawar aiki kuwa da bidiyo ake yin ta. Saude ke riƙe waya, shi yana aikin, a tura. Auna zafin jiki, ɗura magani, allura a wuya, sauraren ƙirji da 'yar robar nan ta kunne da kwalejin ta aiko musu: duk ya yi su a kan shanunsa, duk ya ci. Har aka zo kan darasin kayar da babbar dabba, wanda sai an ci shi ake ba mutum takardar shaida.

Hayatu ya yi murmushi da ya ji sunan darasin. Ya sa Saude ta kunna waya, ya kira Fure, ya faɗi kalmarsa, ta kwanta. Aka tura.

Washegari Malama Mufida ta kira shi da kanta.

"Baba Hayatu, na kalli bidiyon nan sau goma sha ɗaya. Na kai wa shugabanmu, ya tara malamai, kowa ya riƙe baki. Akwai wanda ya rantse haɗi ne. Ban taɓa ganin irin wannan ba tunda nake."

"Madalla, Malama."

"Amma ka faɗi. Ina igiyar?"

A karo na biyu ya ɗauko igiya, ya ɗora ta a kan bijiminsa daidai yadda aka koyar, babu kuskure ko ɗaya. Ya koma baya zai ja ke nan, bijimin ya waiwayo ya dube shi, ya gane abin da maigida ke so, ya kwanta abinsa kafin igiyar ta miƙe. Malama Mufida ta yi dariya har da tari. Da ta natsa sai muryarta ta canza.

"Baba, shanunka sun fi ƙarfin jarrabawarmu. Amma ka saurare ni da kyau. Dama uku ake bayarwa, ka cinye biyu. Ta ukun dole ka yi ta a kan dabbar da ba ta san ka ba, kuma ba turowa za ka yi ba, ina kallo kai tsaye. Mutum ɗaya zai riƙe maka kai, shi ke nan. In ba ta yiwu ba, sunanka zai fita daga kwas ɗin, ba yadda zan yi. Mu masu duba dabbobin jama'a muke yayewa."

Ya ce to. Ya kashe waya. Ya zauna a kan turmi yana kallon ƙasa, shekara biyu na karatu suna yi masa yawo a kai.

Saude tana tankaɗe a gefe, duk ta ji. Mace ce gajera mai kaifin baki, shekara talatin da takwas suna tare.

"To, Malam, an zo wurin," ta ce.

"Ke dai bari."

"Ba ni bari. Don mi ka shiga karatun? Don ka nuna ma Fure hoton cikinta?"

Ya tashi ya nufi garke. Amma ranar Talata ya tafi Mafara ya sayo igiyar auduga mai kauri, gaba bakwai, mai laushi don kada ta yanki fata. Kwana tara yana gwaji a tsakar gida. Ya kifa turmi a kan benci ya mai da shi sa, yana zagaya shi yana karanta matakan a fili kamar mai tilawa: tsakiyar igiya a kan wuya, gaban tozo, bakin biyu su sauka ta tsakanin ƙafafun gaba, su gitta, su hau gadon baya, su sake gittawa, su sauka ta cikin cinyoyi, su fito baya. Babu ƙulli ko ɗaya. A ransa bai yarda ba. Yaya za a ce zare ba ƙulli ya kayar da abin da majiya ƙarfi shida ke kokawa da shi?

"Ka iya ƙwarai," in ji Saude tana wucewa da ƙwarya. "Sai dai turmi ba shi harbi."

Ita ce kuma ta samo san. Ta dawo daga tallar nono a Kaya ta ce akwai wani manomi, Sharhabilu, jan bijiminsa na huɗa ya kwana shida bai taka ƙafar baya ba, ga damina saura wata guda. Sun gwada kayar da shi sau biyu, ya watsar da samari, ya fasa wa ɗaya leɓe.

"Na ce mishi kana tahe ran Alhamis."

"Kin ce mi?"

"Na ce kana tahe."

Ran Alhamis da hantsi kabu-kabu biyu suka sauke su a ƙofar gidan Sharhabilu. Labari ya riga su isa. Hayatu na Faru zai taɓa dabbar wani! Rabin unguwa ya fito, har masu aikin rani sun baro fadama da laka a ƙafa. Sharhabilu, ƙaton mutum baƙi mai faɗin kafaɗa, ya tare shi da hannu biyu.

"Sannu da zuwa, Malam Hayatu. Kun zo lahiya? Ya hanya? Ya iyali, ya dabbobi?"

"Lahiya lau. Ya gida, ya zahi? Ya mai jiki?"

"Ga shi can, sai kai."

Bijimin yana ɗaure a gindin dogon yaro a bayan gida. Hayatu ya ɗaga ido sau ɗaya. Jan rahaji ne, ja wur, ƙahoninsa sun buɗe sun fi gaba guda, tozonsa ya kai kafaɗar mutum. Yana tsaye a kan ƙafa uku, ya rataye ta huɗun, kumburarriya, ƙudaje na binta. Da ya ji ƙafar baƙo sai ya sunkuyar da kai ya hura hanci, ƙura ta tashi. Tabon da ke cikin Hayatu ya soma yi masa zugi kamar jiya aka yi shi.

Saude ta hau kan wani kututture ta ɗaga waya. Fuskar Malama Mufida ta bayyana. Aka gaisa. Ta sa a nuna mata wurin, ta sa a tsince duwatsu, a watsa yashi ta gefen dama inda san zai kwanta. Ta ce Sharhabilu ya riƙe igiyar ƙaho ta bayan itacen, in ya ga san ya fara sauka ya riƙa sassautawa.

"Bismillah, Baba Hayatu. Ina kallo."

Ya ɗauki igiyar. Ya yi taku biyu. Sai bakinsa ya yi abin da ya saba ba tare da ya sa shi ba: ya saki kalmar nan tasa, can ƙasan maƙoshi, wadda ke kwantar da Fure. Jama'a suka yi tsit, kowa ya miƙa wuya, ga asiri zai yi aiki. Bijimin ya juyo da jan idonsa, ya fizgi igiyar ƙaho har dogon yaron ya girgiza, ganye suka zubo. Ko a jikinsa. Wata mata ta ce, "La ilaha, asirin ya karye!"

Nan take samari shida da Sharhabilu ya tanada suka zabura da dabaibayi a hannu, wannan zai kama wutsiya, wancan zai shaƙo ƙafa, yadda aka saba. Wallahi Hayatu ya ji daɗin ganinsu, daɗin da bai taɓa ji da ganin ɗan Adam ba. Bari su kama, shi ya tsaya baya ya yi nuni.

"Baba Hayatu!" Muryar Malama ta fito daga wayar da ƙarfi. "In hannun ɗayansu ya taɓa san nan, jarrabawa ta ƙare."

Samarin suka tsaya suna dubansa. Shi ma yana dubansu. Ya dubi Saude a kan kututture. Hannunta da ke riƙe da wayar bai motsa ba, amma leɓenta na motsi, addu'a take.

"Ku ja baya," ya ce. Muryar ba ta fito ba. Ya sake, wannan karon har ta fashe. "Na ce ku ja baya! Kowa!"

Suka ja. Fili ya rage daga shi sai bijimin, sai Sharhabilu a bayan itace.

Ya matso ta gefen kafaɗa, inda darasi ya ce ƙaho ba ya kaiwa, ƙafa ba ta kaiwa. Warin jikin san ya buge shi, zafinsa ya daki fuskarsa. Gumi na bin bayansa har cikin wando. Ba shi da wata kalma da ta rage, sai karatun Malama, sai ya kama shi a fili, kowa na ji.

"Tsakiyar igiya a kan wuya, gaban tozo."

Ya jefa. Igiyar ta sauka, kuma wajen gyara ta bayan hannunsa ya gogi fatar. Fatar ta yi karkarwa, shi ma ya yi. Shekara arba'in ke nan rabonsa da jin ɗumin dabbar da ba tasa ba.

"Bakin biyu ta tsakanin ƙahwahun gaba, su gitta."

Ya durƙusa. Kansa yana ƙarƙashin ƙirjin san, yana ganin kofato ɗaya ya fi tafin hannunsa faɗi. Ya tura bakin igiya da sandarsa, ya zagaya can nesa ta baya ya ɗauko, ya dawo. Ya haɗa su a gadon baya ya gitta. Saura ta cikin cinyoyi, kusa da ƙafar mai ciwo.

A nan ne bijimin ya yi harbi. Kofaton ya wuce ta gefen kunnen Hayatu da iska, ya ɗauke sandar daga hannunsa ta yi sama ta faɗa cikin mutane. Aka yi salati. Hayatu ya samu kansa zaune daɓas a yashi. Ya ji mashayin nan, ya ji ƙahon nan yana shiga. A ransa ya ce shi ke nan, a kai ni gida.

"Baba." Muryar Malama ce, a hankali yanzu, kamar tana tsugune kusa da shi. "Ba kai ya nufa ba, igiyar ce ta taɓa masa ciwo. Fara da ƙafar mai lafiya. Ba zai iya ɗaga ta ba, a kanta yake tsaye."

Ya ɗaga kai ya duba. Haka ne fa. Sa mai ƙafa uku ba shi da ƙafar harbi sai guda. Abin a fili yake, yaro ma zai gani, tsoro ne ya rufe masa ido. Wata mace da ke zaune a ɗaki tafiyar yini guda daga nan ta gani ta cikin gilashin da bai kai tafin hannu ba.

Ya tashi. Bai nemi sandar ba. Ya jingina kafaɗarsa a cinyar san ta ɓangaren lafiya, ya zura hannu tsirara ya wuce da igiyar. Ɗayan bakin kuma ya sassauta shi har ya kwanta a ƙasa, ya jawo shi a hankali ta ciki ba tare da ya shafi kumburin ba, sannan ya ɗaga shi can sama. Ya ja da baya taku biyar, bakin igiya biyu a hannunsa.

"Yanzu ja," in ji Malama. "Kada ka fizga. Ja kawai, ka riƙe."

Ya ce bismillahi ya jingina da baya. Tsoho ne da bai fi buhun gero nauyi ba. Igiyar ta miƙe, ta kama ƙirji, ta kama baya. Bijimin ya tsaya cik, kamar mai sauraren wani abu daga nesa. Numfashi ɗaya. Biyu. Sai ƙugunsa ya fara sauka. Ba faɗuwa ba, sauka, sannu-sannu, kamar ana ninke bargo. Gwiwoyin gaba suka bi. Sharhabilu ya sassauta igiyar ƙaho bakinsa a buɗe. Dutsen naman nan gaba ɗaya ya kishingiɗa a kan yashi ta gefen dama, ya saki dogon numfashi, ko ƙura ba ta tashi ba.

Wani tsoho ne can baya ya fara cewa, "Allahu Akbar," sannan wurin ya ɓarke.

Hayatu na tsaye yana kallon hannuwansa. Bai yi ƙarfin da ya kai na jan guga daga rijiya ba. Shanunsa suna kwanta masa ne don ya yi shekaru yana kwana cikinsu, ya san uwar kowace, ya cire musu kaska da hannunsa. Wannan kuwa bai san shi ba, ba ya ƙaunarsa, ɗazu ya nemi fasa masa kai, ga shi kwance lafiya lau, ba karaya, ba jini. Ashe Allah ya ajiye wasu wurare a jikin sa da in an matsa su tare sai ya sauka, kuma wasu bayinsa da Hayatu ba zai taɓa sanin sunansu ba suka gano, suka koya wa wasu, har abin ya biyo iska ya same shi a gindin aduwa.

"Kada ka bar shi ya daɗe a kwance," in ji Malama. "Ɗaure ƙafar, saurari ƙirjinsa, sannan ka duba ciwon."

Ya miƙa wa Sharhabilu bakin igiyar ya riƙe, ya ɗaure ƙafar da wata 'yar igiya, ya durƙusa a bayan kafaɗar san, ya sa robar a kunne ya ɗora bakinta a bayan gwiwar gaba. Ya saba da zuciyar shanunsa, mai tafiya a natse, ɗaya bayan ɗaya. Wannan kuwa dukan tsiya take, gab-gab-gab, tana neman fasa haƙarƙari. Ya cire robar ya dafa nasa ƙirjin. Iri ɗaya. Ya dubi idon san, ya ga farinsa ya fito, yana bin kowane motsi na mutanen da suka kewaye shi.

"Malama, zuciyar tana gudu ƙwarai. Tsoro shika ji."

"Haka ne. Yi sauri ka sallame shi."

Ya wanke kofaton da ruwan gishiri. A tsakanin kofato biyu, can ciki, ga guntun waya mai tsatsa ya shige ya lanƙwashe. Ya kama shi da hantsaki ya murɗo, mugunya ta biyo baya. Ya matse, ya wanke, ya fesa magani, ya naɗe, ya yi allura a wuya, yana faɗin sunan kowane abu da adadinsa yadda jarrabawa ta tanada. Ɗayan hannunsa kuwa yana kan cikin san yana shafawa, bai ma san yana yi ba.

Aka kwance ƙafa, aka saki igiya, ta zame da kanta. Bijimin ya yunƙura ya miƙe, ya girgiza yashi. Ya ɗan jima, sannan ya sauke ƙafar ya taɓa ƙasa da bakin kofato.

"Baba Hayatu," in ji Malama Mufida, ta cire gilashinta tana goge ido, "ka ci. Wallahi ka ci."

Saude ta sauko daga kututture ta rangaɗa guɗa, wayar na kallon sama. Hayatu ya koma ya zauna. Yana zaune a yashi mutane suka yanyame shi. Wani dattijo ya riƙe hannunsa yana cewa lallai asirin ya fi yadda ake zato, tunda ga shi an karya sharaɗi bai karye ba.

Da ya yi shiru, da an tafi a haka, har ma girmansa ya ƙaru. Sai ya kama gefen rigarsa ya ɗaga. Tabon ya fito fili, fari, dogo, a murɗe.

"Babu asiri, babu sharaɗi," ya ce. "Sa ya yi mini wanga ina yaro. Tun ran nan tsoro nika ji. Dabbobinku da sunka mutu ina tsaye ina nuni, tsoro ne ya hana ni. Ku gaya ma Gwaggo Taibatu ta Faru, ko ku bari, ni zan gaya mata da bakina."

Wasu suka sunkuyar da kai. Saude ta kashe wayar ta zo ta tsaya a bayansa.

Sharhabilu ya kwance igiyar ƙaho daga itacen. Ya ɗaure jan bijimin a turke, ya shige cikin gida. Hayatu ya bi bayansa da kallo, ya ce a ransa to, an fara guduna. Can sai ga shi ya fito yana jan wani sa, fari, abokin huɗar jan, shi ma ƙato, yana tirjewa yana hura hanci.

"Likita," ya ce, "wanga ma kwana uku shina tari."

Hayatu ya dubi farin san. Tafin hannunsa ya jiƙe nan take. Ya goge shi a riga, ya dafa kafaɗar Saude ya miƙe, ya sunkuya ya ɗauki robar kunnensa daga cikin yashi ya karkaɗe.

"Kawo shi inuwa," ya ce.